Na Ce Musu Sabis Yana Kaiwa Ɗakin Hajiya

Daga Admin: Wata 'yar'uwa ce ta turo, ta roƙi a sakaya sunanta. A ba ta shawara, ban da zagi.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Admin Allah ya saka da alheri, a taimaka a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a gidan nan, har ina sa baki ina cewa wance ba ki kyauta ba, yau ga shi abin ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, ni kam kaina ya kulle. Na san wasu za su ce a kan na'urar intanet kike wannan dogon rubutu, to ku daure ku karanta, ba na'urar ce ta hana ni sukuni ba, abin da na faɗa da bakina ne.

Ni sakatariya ce a wani tsohon gida a cikin gari, nan wajen Gwale. Gidan na wata baiwar Allah ne, bari in kira ta Hajiya Falmata, asalinsu mutanen Barno ne amma ko kakanta a Kano aka haife shi. Bayan rasuwar maigidanta sai ta bayar da gaban gidan kyauta ga ƙananan ƙungiyoyi. Soron farko na Malam Sabo ne, shi ke koya wa masu larurar ƙafa ɗinki, shi ma a keken guragu yake. Shagon da ke kallon titi nan ne ofishina, ni ke yi wa kowa rubutu da buga takarda, har da ƙungiyar unguwa masu yashe kwata. Sai ƙungiyar ita Hajiya, ta iyayen yara masu sikila, su a can cikin gida suke zama, a wani babban ɗakin ƙasa. Kuma ba don rashin wuri ba ne. Kun san halin mutanenmu, da an ji gidan wane akwai sikila sai 'yan matan gidan su fara rasa manema, shi ya sa matan suke shigowa kamar sun zo gaishe da Hajiya ne, ba wanda ya san abin da ya kawo su. Namiji kuwa ba ya wuce soro na biyu, akwai tsofaffi da matan aure a ciki, ko mai gyaran wuta ne sai Hajiya tana nan ta yi masa iso.

Hajiya ba shugabata ba ce kawai, uwa ce. Ƙanina da ya rasu yana da wannan ciwon, ita ta riƙa zama da mahaifiyarmu a asibiti, ita ta riƙa nemo masu ba da jini, a lokacin da wasu dangi ko waya ba sa ɗagawa. Da na gama difloma ta kwamfuta ina zaman gida, ita ta aiko aka kira ni ta ba ni aikin nan. Ita kanta ta binne nata biyu da ciwon, kuma ta fi shekara goma tana riƙe da matan nan, ta san sunan ɗan kowacce da irin maganin da yake sha. Ina faɗa muku wannan ne don ku san ko wa na yi wa abin da na yi.

Farkon daminar nan wata likita, 'yar cikin gari ce amma tana aiki a ƙasar waje, ta ji labarin ƙungiyar Hajiya, ta ce za ta riƙa ba su awa biyu duk ranar Asabar ta bidiyo kol, mata su yi tambaya ta amsa, fisabilillahi. Ku zo ku ga murna a wurin matan nan, don a asibiti kafin ka buɗe baki an kira na bayanka. Matsalar ita ce gidan babu intanet, kowa da datar wayarsa yake lallaɓawa. Sai wani ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai ya ce a sayi rauta, wato na'urar nan da ake sa mata sim ɗaya ta raba wa kowa waifai, duk ƙungiyoyin gidan su amfana, mu zaɓa shi zai ɗauki nauyi. Hajiya ta ce ita ba ta san komai a nan ba, ga mai difloma, abin da na zaɓa shi ke nan.

Mai sayarwa ya kawo mana kala biyu muka zauna a soro. Ɗaya ƙarama ce kamar sabulun wanka, tana da batir a jikinta, ko an ɗauke wuta tana aiki, amma mutum goma kawai take ɗauka kuma ba ta da inda za a soka kebul. Ɗayar babba ce mai eriya huɗu, da ramuka a bayanta, ana iya jan kebul daga jikinta zuwa wani ɗaki a sa wata ƙaramar na'ura a can, sai dai ita sai da wuta, ko a haɗa mata ɗan batir daban. Ni tun kallon farko ƙaramar ta shiga raina, kuma gaskiya ina da hujja, kowa ya san yadda wutarmu take. Sai Malam Sabo ya ce shi a ganinsa a ɗauki babbar. Ya ce gidan nan siminti kawai aka shafa masa a sama, cikinsa ginin ƙasa ne na mutanen da, bangon ɗakin Hajiya ya kai kamu biyu a kauri, ko waya ce sai an fito tsakar gida take kamawa da kyar, don benayen maƙwabta sun rufe ko'ina. Ya ce sabis mai ƙarfi a tagar ofishina kawai yake, don haka a ajiye babbar a nan, a ja kebul ta bi bango har ɗakin, ya ce shi kafin ɗinki gyaran rediyo ya yi, ya san abin da ƙasa take yi wa irin waɗannan abubuwa.

Ni kuwa me zan yi in ba dariya ba. A gaban ɗalibansa da 'yan kwata da mai sayarwa na ce, Malam wannan fa ba rediyo ba ce, zamanin jan waya a bango kamar igiyar shanya ya wuce. Aka kwashe da dariya. Wallahi a lokacin daɗi na ji, na ga na burge. Shi kuwa sai ya ce to Malama ku ne masu ilimin, ya juya kekensa ya koma kan ɗinkinsa. Aka ɗauki ƙaramar.

Washegari mai sayarwar ya dawo ya saita ta a tagar ofishina. Mutumin kirki ne, ya ce ba zai tafi ba sai an gwada ko'ina. Soro ya yi, shago ya yi, saura cikin gida, kuma ranar Hajiya ta tafi ta'aziyya Gwammaja, babu mai yi masa iso. Sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, Malama shiga har cikin ɗakin da za a zauna, ki tura ƙofa, ki buɗe bidiyo ki gani, in bai yi ba ki faɗa mini, akwai sati ɗaya da zan iya canza muku da babbar. Na karɓa na shiga. A soro na biyu sabis ya ragu, a tsakar gida saura layi ɗaya, ina taka dokin ƙofar ɗakin ya ɗauke gaba ɗaya. Na ɗaga wayar sama, na je bakin 'yar tagar, na koma kusurwa, babu, ko alama. Na fi minti biyar a tsaye. Abin da nake gani kawai a idona shi ne in fito soro, ga Malam Sabo, ga waɗanda suka yi dariya jiya, in ce ashe mai gyaran rediyo ne da gaskiya.

Na fito, duk suka zuba mini ido, na ce yana kawowa, lafiya lau. Haka na faɗa, ba wanda ya matsa mini, ba wanda zai iya shiga ya duba. Mai sayarwa ya ce alhamdulillahi ya tattara kayansa. Malam Sabo ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya ya ce, to madalla.

Na ce a raina ai akwai sati guda, ranar Litinin zan je shagon mutumin a ɓoye in canzo. Da Litinin ta zo sai na tuna babbar ba ta ɓoyuwa, ga eriya ga kebul da za a bi soro da shi, ta saman kan Malam Sabo ma zai wuce. Na ce bari sai Laraba in san dabarar da zan yi. Laraba na ce wataƙila ranar gwajin ne sabis bai da kyau a gari. Haka na riƙa yaudarar kaina har satin ya cika, kwalin rautar yana ƙarƙashin teburina ina ganinsa kullum.

Asabar ta farko ɗakin ya cika, wasu daga Gwammaja, wasu daga bayan Dala, da goyo da 'yan ledojin magani da katin asibiti, har da wadda ta rubuto tambayoyinta a bayan takardar makarantar ɗanta don kar ta manta. Hajiya ta sa sabon lafaya, ta kunna turaren wuta, ta ɗora laftof ɗinta a kan kujera 'yar tsugunno. Aka kira, abu yana ta juyawa, babu likita babu dalilinta. Na ɗauko rautar daga ofis na kawo ta bakin ƙofar ɗakin, sai ga waifai ya kawo sosai amma ita rautar kanta ta rasa sabis, daidai yadda Malam Sabo ya faɗa. Na kai ta tsakar gida, fuskar likita ta fito rabi, ta ce salamu alai, ta daskare a haka da baki buɗe. Ga yayyafi an fara. Awa biyu muka yi muna shiga da fita, ko tambaya ɗaya ba a yi ba. Da Hajiya ta tambaye ni me ya faru, nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, sai na ji bakina yana cewa anya Hajiya ba laftof ɗin nan ba ce, ta kwana biyu fa.

Wannan maganar ta fi ƙaryar farko ci mini rai. Baiwar Allah nan da ciwon gwiwarta ta hau adaidaita ta kai laftof kasuwar waya, aka duba aka ce lafiyarta ƙalau. Ba ta yarda ba ta kai wani wurin, nan ma haka. Ta dawo ta zauna a ofishina tana haki ta ce, 'yar nan, in na'ura lafiya, intanet lafiya, to saura ni ke nan, wataƙila wani abu nake dannawa ba daidai ba. Na ce a'a Hajiya, za a dace. Iyakar abin da na iya cewa ke nan, kuma ga kwalin nan kusa da ƙafarta.

Asabar ta biyu haka aka sake yi, har da ƙari, don 'yan soro da 'yan kwata duk sun hau waifai ɗin, mutum goman sun cika, laftof ma ta kasa shiga sai da na bi su ina roƙo su sauka. Ta uku sai na kawo shawarar a dawo da zaman ofishina, tunda a nan yana aiki. A nan ne na tabbatar ban san matan da nake yi wa aiki ba. Ofis yana kallon titi, maza suna soro, keken ɗinki yana ta ƙara, duk wanda ya wuce sai ya leƙo. Mata huɗu ne kawai suka yarda suka shigo, su ma da aka ce su yi magana sai suka rufe fuska da mayafi suna lafiya lau, an gode. Wata da nake kira Maman Sadiya, wadda ta fi kowa ɗokin abin nan saboda ƙafar 'yarta da ta daɗe tana kumbura, ta zo har bakin ƙofa, ta hango ƙanin mijinta a cikin 'yan kwata, ta juya kamar ta yi ɓatan hanya. Bayan kwana kaɗan aka kwantar da yarinyar, ta yi kusan sati biyu a asibiti. An sallame ta alhamdulillahi, kuma ban sani ba ko da an yi tambayar za ta hana kwanciyar, amma duk lokacin da na ga uwar sai in ji kamar in nutse.

Likitar ba ta yi faɗa ba, saƙo ta turo cikin mutunci, ta ce awa biyun nan da kyar take ware su, kuma akwai wasu mata a wani gari da suke jira, za ta koma gare su, in mun gyara mu sanar da ita ta ga ko akwai hali. Daga nan surutu ya tashi a cikin matan. Wasu suka ce an sa su asarar kuɗin mota, wasu suka ce dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu, wata mai kaifin baki ta ce ai shugabanci yanzu sai mai ido a buɗe, ba turaren wuta ake buƙata ba. Maganar ta koma kunnen Hajiya. Ba wanda ya ambaci sunana, ko mutum ɗaya. Ni ce ma ake yi wa sannu, wai na sha wahalar zirga-zirga da na'ura a hannu.

Mutum ɗaya ne na san ya gane. Ranar nan na zo wucewa ta soro, babu kowa sai shi, Malam Sabo ya tsayar da kekensa ya ce, Malama, kebul ɗin nan har yanzu ana sayar da shi, kuma in an tashi ni na san ta inda zai bi. Bai kuma faɗa wa kowa ba. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce to Malam, na shige ofis na tura ƙofa na yi kuka mai isata.

To ga inda abin ya kai yanzu. Shekaranjiya Hajiya ta kira ni ɗakinta ta ce ta yi istihara, ta yanke shawarar sauka daga shugabancin ƙungiyar ranar Asabar mai zuwa. Ta ce ta riƙe matan nan da abin da ta iya, zuwa asibiti da neman jini da lallashi, amma yanzu taimako ta cikin na'ura yake zuwa, ita kuma ga shi an kawo musu alheri har gida ya zube a hannunta. Ta ce ba za ta zauna ta zama ita ce ƙofar da ta rufe wa 'ya'yan mutane ba. Sannan ta ce ni za ta miƙa wa, don ni na san zamani, kuma ni na san ciwon tunda na yi jinyar ƙanina, kuma duk zaman da muka yi da ita ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba.

Na gaya wa yayata, ita kaɗai ta sani kafin ku. Ta ce in rufa wa kaina asiri tunda Allah ya rufa mini, in sayi babbar rautar da kuɗina a ja kebul, in lallashi likita ta dawo, in roƙi gafarar Ubangiji tsakanina da Shi, magana ta wuce. Ta ce Hajiya tana da hawan jini, in ta ji cewa ni ce, ni da ta ɗauka 'ya, abin da zai same ta sai ya fi na yanzu. Ta ce kuma in na tona, matan ba za su ƙara yarda da ni ba, aikin ma sai in rasa shi, unguwa kuma ƙarama ce. Ban ce ba ta da gaskiya ba, kuma sayen na'urar ba shi ne damuwata ba, zan iya, zan kuma yi ko ta wane hali. Amma ku duba mini nan. In na gyara bayan na karɓi kujerar, kowa zai ce kun gani, da aka ba wa mai ilimi ga shi ya yi, Hajiya kuma ta ƙara tabbata ita ce matsalar, ta zauna da wannan har ƙarshen ranta. In na gyara kafin Asabar ban ce komai ba, za ta tambayi me aka canza, in sake shirya wata ƙaryar, ta uku ke nan. Kuma ni a ɗan sanina, laifin da ke tsakaninka da Allah daban, wanda ka ɗora wa wani ya ɗauka a kansa daban.

Wani lokacin in ce gobe da safe zan same ta ita kaɗai in durƙusa in faɗa mata komai. Sai in tuna ba a ɗaki aka ci mutuncinta ba, a bakin mata aka ci, in ban faɗa a gabansu ba me na wanke? Sai kuma in tuna Malam Sabo, shi a soro na yi masa dariya a gaban ɗalibansa, shi ma ai a nan ya kamata in ba shi haƙuri. Da na hango kaina tsaye a gaban matan nan, ga Maman Sadiya a zaune, ina cewa tun ranar farko na sani, sai in fasa. Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu ina jin tsoron kunya, abin da ya jefa ni cikin wannan tun farko bai sake ni ba.

Hajiya ta ba ni aikin buga mata takardar saukar, ta faɗa ina rubutawa, kuma ta ce ni zan karanta wa mata ranar Asabar don idonta ba ya ganin ƙananan rubutu. Na buga gaisuwa, na buga godiya, na zo layin da ta ce in sa, wai ina neman afuwarku saboda gazawata ce ta sa 'ya'yanku suka rasa likita. Tun jiya takardar take buɗe a gabana na kasa buga wannan layin, kuma gobe za ta aiko a karɓa ta sa hannu.

Don girman Allah ku gaya mini, in same ta ita kaɗai ne in bar mata zaɓin abin da za a faɗa wa mata, ko in tashi a gaban kowa ranar Asabar in faɗa da bakina, ko kuwa yayata ce da gaskiya in gyara in yi shiru? Masu ilimin addini a cikinku, shirun nan ya halatta gare ni alhali wata tana neman afuwa a kan laifina? Iyaye mata da ke karanta wannan, in ke ce Hajiya, za ki so ki sani? Ina karanta duk abin da kuka rubuta, ko mai zafi ne ku faɗa, na cancanta. Abu ɗaya na sani, ba zan iya tsayawa a ɗakin nan in karanta wannan layin da muryata ba.